In gyara motar da nake hawa, ko in sayi wata don filin tsere kawai?

Sabon_Shiga

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Motata ɗaya ce, ita nake hawa kullum: giyar hannu, tayoyin baya ke ja, nauyinta ya kusa kilo 1,500, kuma ban sauya mata komai ba. Ina so in riƙa shiga ranakun da ake buɗe filin tsere ga masu motocin gida, ba gasa ba, aƙalla a yanzu. Abin da na ware zai ishi ɗaya ne cikin biyu: ko in zuba shi a wannan motar, ko in sayi tsohuwar ƙaramar mota in keɓe ta don fili. Wanne ya fi? In gyaran ne, daga ina ake farawa?

Mai_Sifana

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai mai tsada tukuna. Motar gida za ta ɗauki shigarka ta farko da ta biyu, muddin ka kula da birki, domin shi yake fara gazawa, ba inji ba.

Fara da man birki. Yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa wanda ya daɗe a mota yake saurin tafasa. A ƙa'idar DOT 4, wato ɗaya daga azuzuwan man birki, sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Celsius, amma in ya sha danshi zai iya saukowa zuwa 155. Da ya tafasa sai kumfa ta shiga bututu, ka taka birki ya tafi har ƙasa bai kama komai ba. Ka fitar da tsohon gaba ɗaya ka zuba na tsere, irin Motul RBF 600 ko Castrol SRF, dukansu sun haura digiri 300. Lita ɗaya tana isar yawancin motoci. Kada ka kuskura ka zuba DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. DOT 5.1 shi ne mai haɗuwa.

Sai takalman birki. Tasu gazawar dabam ce: birkin yana nan da tauri a ƙafarka, amma motar ba ta tsayawa, ga ƙauri yana tashi. Kada ka shiga fili da waɗanda suka wuce rabi a cinyewa, domin siriri ya fi saurin miƙa zafi ga mai. Na tsere zalla suna jure wuta, sai dai suna yin ƙara, suna cin farantin birki, kuma da sanyin safiya ba sa kamawa sosai. Mafita ita ce saiti biyu, ka sauya na gaba kafin fili, ka mayar bayan ka dawo.

Ka tafi da ma'aunin iska. Taya tana ƙara psi (awon matsin iska) biyar zuwa takwas in ta ɗau zafi, to ka auna da zarar ka fito ka rage. Zagayen ƙarshe ka yi shi a hankali don komai ya huce, kuma in ka tsaya kada ka ja birkin hannu, takalmin zai manne a faranti mai zafi. Ka bar ta a giya.

Kwana_Tara

Duk abin da Mai_Sifana ya faɗa haka yake, amma bai amsa ainihin tambayar ba. Ɗan'uwa, motarka ɗaya ce. Inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan haɗarin da aka yi a filin tsere, ka ɗauko takardarka ka karanta. In ta daki katanga ranar Asabar, me za ka hau ranar Litinin? In ba ka da amsa, ka riga ka karkata ga mota ta biyu.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna: kayan kariya tare suke tafiya, ba a tsintar ɗaya a bar saura. Bel ɗin tsere yana riƙe ka a miƙe cak. In mota ta kife rufi ya lotsa, ba ka da halin zamewa gefe kamar yadda bel ɗin gida yake bari, don haka dole a sa ƙarfen kariya. Kejin ƙarfe cikakke kuma yana wucewa dab da kanka, wanda ya hau titi da shi ba hular kwano, ƙaramin karo ya isa ya fasa masa kai. Sannan bel ya ɗaure jiki, kai da nauyin hula su tafi gaba, shi ya sa ake sa HANS, na'urar da ke zama a kafaɗu tana riƙe hula don kare wuya. Igiyoyin kafaɗa ma suna da ƙa'ida: su tafi baya a miƙe ko su ɗan sauka, kada ya wuce digiri 20. Masu ɗaure su can ƙasa a daɓen mota suna jawo wa ƙashin bayansu matsi ne ranar haɗari. Ka haɗa wannan duka, motar ta daina zama ta ɗaukar iyali. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ga kuma nauyi. Birki yana mai da gudu zafi ne, zafin kuma yana bin nauyin mota, in gudu ya ninka biyu shi ya ninka huɗu. Mota mai kilo 1,000 irin Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, cin tayarta da birkinta bai kama ƙafar na mai kilo 1,500 ba, kuma tayoyinta ƙanana ne. A shekara guda bambancin yana da yawa. Sai dai tunda rufinta buɗaɗɗe ne, yawancin masu shirya ranakun ba za su bar ta ta shiga ba sai da ƙarfen kariya a bayan kujera.

Hajiya_Walda

Ina tare da Kwana_Tara kan kariya, amma kada a ɓoye masa ɗawainiyar mota ta biyu. Tana son wurin ajiya. In ba ta da lambar hawa titi, tana son tirela da motar da za ta ja ta. Motar da ke zama wata da watanni kuma batir yana mutuwa, fetur yana lalacewa, birki yana tsatsa.

In dai za ka saya, ƙanena, sayi wadda wani ya riga ya haɗa. Kusan kullum ta fi arha a kan ka haɗa da kanka, domin mai sayarwa ba ya mayar da kuɗin kayan da ya zuba. Amma ka je da bakanike. A gwada matsin kowace silinda, bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. A duba waldar keji ta zagaye kowane bututu, har ta saman da ke jikin rufi inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, nan ake yawan barin giɓi. Ƙafafun kejin su zauna kan faranti mai kauri, ba kan falankin mota kai tsaye ba. Ka karanta tambarin bel da kujera: bel mai amincewar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, wa'adin shekara biyar yake da shi. Kowace mota kuma da ciwonta. BMW E46, misali, an san ta da tsagewar ƙarfen ƙasa inda kayan tayoyin baya suke ɗaure, ga robobin wajen lagireto da suke fashewa in sun tsufa. Sai an ɗaga ta an haska fitila za a gani.

Sabon_Shiga

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ke nan in fara da mai da takalman birki a wadda nake da ita, in ajiye sauran kuɗin. To ƙarin ƙarfin inji da shokozoba fa?

Mai_Sifana

Bar injin yadda yake. Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne ga baƙin mai, da lagireto, da kuloci, da birki. Abin da ya fi maka amfani shi ne ma'aunin zafin baƙin mai: in yana haura digiri 130, sassauta, sannan ka nemi na'urar sanyaya shi. Ka cika man har layin sama kafin ka shiga, domin a doguwar kwana yana tafiya gefe guda a kasko, famfo ya ja iska, boris ɗin inji ya ci kansa. Tayoyi masu kama ƙasa sosai suna ƙara tsananta wannan.

Shokozoba kuma, in ba sa yoyo, ƙyale su. Duba kafaɗar waje ta tayoyin gaba bayan ranar farko. In ta cinye ta bar tsakiya, a karkatar da saman tayar ciki kamar digiri 1.5 zuwa 2 wajen alaimen. Fiye da haka a motar hawa kullum, gefen ciki ne zai cinye a kan titi. Notocin taya kuma ka sake gwada su da sifanar awo bayan sun huce, daidai da adadin da littafin motarka ya rubuta.