Neman shawara: wane majigi zan saya wa ajinmu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare mai zaman kanta, shugabar makaranta ta ce in nemo majigin da za mu riƙa haska darasi a bango. Yara arba'in da ɗoriya ne a aji, tagogi manya, darasi kuma da rana tsaka. Na ga wani ɗan ƙarami a kasuwa, hannu ɗaya ma ya ɗauke shi, an rubuta lumen 9,000 da 4K a kwalinsa, kuɗinsa bai kai rabin na Epson ba. Wutarmu ta sola ce. In saya ko in haƙura?

Mai gyaran na'urori: Wa alaikumus salam Malama. Kar rubutun kwali ya ruɗe ki. Ki tambayi mai shagon lumen na ANSI nawa ne, don shi ne awon hasken da ke sauka a bango da gaske. Waɗannan ƙananan masu 9,000, in an auna su, da ƙyar suke wuce ɗari biyu ko uku, ajin da rana ke shiga kuwa yana son wajen 3,000. Maganar 4K ma haka take. Suna nufin yana karɓar hoton 4K, amma abin da yake fitarwa sau da yawa 1280 x 720 ne ko ƙasa da haka, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoton a kwance da a tsaye. 4K na gaskiya 3840 x 2160 ne, ke kuma ba ki buƙatarsa, 1920 x 1080 ya isa yaron kujerar baya ya karanta sunayen sassan ƙwayar halitta. Irin waɗannan ƙananan ake yawan kawo mini da tabo ruwan ƙasa a tsakiyar hoto, zafi ya ƙona wata 'yar leda da ke gaban gilashin ciki.

Wani uban yara: Oga, ka ɗan rage musu mana. Ina da shi a gida, da dare in an kashe fitila hoto tangaran, yara har sun manta da talabijin. Sai dai gaskiya da rana ba ya kataɓus. Malama, ki duba ƙarfin inbatarku kafin ki ɗauko babba, masu ƙwan fitila suna jan wat 300 ko kusa da haka, ƙananan LED kuwa da yawansu ba sa kai 100.

Mai kula da kwamfutocin ofis: Ni ƙurar hunturu nake jiye miki. Majigi iri biyu aka fi samu. Akwai LCD, irin na Epson, yana da matatar iska da dole a riƙa cirewa ana kakkaɓewa, in aka bari ta toshe sai ya ɗau zafi ya kashe kansa ana tsakiyar darasi. Akwai DLP, fasahar da kamfanin Texas Instruments na Amurka ya ƙirƙiro a 1987, wani ɗan guntu ne mai ɗauke da ƙananan madubai, a na 1080 sun haura miliyan biyu, kowanne yana karkata don ya tura haske ko ya kawar da shi. Yawancinsu a rufe wurin maduban yake, ƙura ba ta cika shiga ba. BenQ da Optoma suna yin irinsa.

Sannan ƙwan fitila yana yin awa 3,000 zuwa 5,000 a canza shi, na LED ko lesa kuwa ana ba shi awa 20,000. Ƙwan kuma ba ya son a ɗauke masa wuta bagatatan, sai fanka ta gama sanyaya shi. In da hali, na lesa ya fi, amma fa da tsada.

Wata malama: 'Yar uwa, ki ware kuɗin labule mai kauri a cikin lissafin, ya taimaka mana sosai. Kuma ki tafi shagon da kwamfutarki da rana, a haska darasinki a gabanki, ki ja baya taku goma ki gani. Wanda ya ƙi a gwada, ki wuce gaba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa ƙaramin. Oga mai gyara, in na samu na hannu mai lumen 3,000, ta yaya zan san awa nawa ƙwan ya ci?

Mai gyaran na'urori: Ki shiga menu, wajen bayanan na'ura, yana nuna awannin fitila. Amma ana iya mayar da lissafin sifili, don haka ki fi yarda da idonki. In hasken ya yi dushi-dushi, ki sa a rage miki kuɗin sabon ƙwan fitila.