Ƙanena ya fara allurar ƙara tsoka: mene ne haɗarinta?

Babban Yaya:
Assalamu alaikum. Ina da ƙane ɗan shekara 19 wanda ya daɗe yana ɗaga ƙarfe a wani gidan motsa jiki na unguwarmu. A 'yan watannin nan jikinsa ya buɗe fiye da ƙima, ƙuraje sun feso masa a baya da kafaɗu, kuma ya zama mai saurin fushi. Da na matsa masa, sai ya gaya mini cewa wani abokinsa ne yake yi masa allurar Sustanon, yana kuma haɗawa da ƙwayar Dianabol. Hujjarsa ita ce wai sinadari ne da jikin namiji yake samarwa da kansa, don haka ba shi da illa. Ina roƙon masu ilimi su fayyace mini gaskiyar wannan magana, su kuma ba ni shawarar yadda zan ɓullo masa.

Ma'aikacin Lafiya:
Wa alaikumus salam. Malam, gaskiya ne cewa Sustanon sinadarin testosterone ne, kuma likitoci suna ba wa mazan da jikinsu ya gaza samar da isasshe. Sai dai masu gina jiki suna ninka abin da likita zai rubuta sau da yawa, kuma da zarar ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya yi yawa a cikin jini, sai ta daina aika wa 'ya'yan maraina umarnin yin nasu. Daga nan sai su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu ƙwarai a cikin maniyyi, har wasu su ɗauki watanni ko shekaru kafin su dawo daidai. Jiki kuma yana juya rarar zuwa estrogen, sinadarin da ya fi yawa a jikin mata, shi ya sa ake ganin ƙato mai faffaɗan ƙirji nononsa ya kumbura, wani lokaci sai an yi masa tiyata.

Ita kuwa Dianabol, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1958, hanta take wahalarwa, tana iya kai mutum ga ciwon shawara. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zuciya, domin waɗannan magunguna suna kawo hawan jini, suna sa jini ya yi kauri, tsokar zuciya ma ta yi kauri ta kasa harba jini yadda ya kamata, alhali mutum yana jin kansa garau. A Denmark an bi sawun maza 545 da aka kama suna amfani da su a gidajen motsa jiki, sai aka tarar yawan mutuwa a cikinsu ya ninka na tsararsu sau uku.

Tsohon Ɗan Ƙarfe:
Yaya, na yi shekaru a wannan harka, kuma abin da zan ƙara shi ne yawancin abin da ake sayarwa a ɓoye ba shi da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, babu wanda ya san abin da ke cikin kwalbar. Na ga yara suna karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, wanda hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. Akwai ma waɗanda ake yaudara da dexamethasone, irin ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe. Ita kumburi take sa wa a fuska da ciki, tana ɗaga sukari, tsokar ma cinye ta take yi.

Kada ka hana shi ƙarfen, domin idan ka raba shi da abin da yake so zai koma yi a ɓoye. Mai nauyin kilo 70 yana buƙatar kimanin giram 110 na furotin a yini, kuma wake, ƙwai, awara, kifi, nono da ƙuli-ƙuli sun isa su ba shi, matuƙar yana samun barci.

Umman Yara:
Ni dai a ganina, Malam, ka tattara magungunan ka zubar tun yau, ka kuma sanar da iyayenku. Rai ya fi ƙirji, kuma yaron bai ma yi aure ba.

Ma'aikacin Lafiya:
Hajiya, na yarda cewa dole ne ya daina, amma zubar da maganin kaɗai ba zai wadatar ba. Bayan dainawa jikinsa zai zauna babu sinadarin testosterone na allura, babu nasa, sai kasala ta rufe shi, sha'awa ta ɗauke, tsokar ta fara zubewa, damuwa mai tsanani ta shige shi. A wannan lokaci ne da yawa suke komawa. Idan kuma akwai dexamethasone a cikin abin da yake sha, yanke ta lokaci guda yana da haɗari, sai dai likita ya riƙa rage ta sannu a hankali. Malam, ka kai shi babban asibiti tare da kwalaben da kwalayen duka, a auna hawan jininsa, a duba hanta, ƙoda, kitsen jini da kaurin jini, shi kuma ya faɗa wa likita ainihin abin da ya sha da tsawon lokacin da ya ɗauka yana sha.