Neman kalma: me za mu ce da Hausa maimakon "patine"?

Salamu alaikum direbobi, makanikai, masu kat-kat da masu biyan kuɗin gyaranta. Kalma ɗaya ta Faransanci nake so mu zauna a kanta har mu tsayar da magana: patine. Wasunku sun riga sun rubuto mini da nasu kalmomin, zan amsa musu a ƙasa. Daga garejojin Tahoua har na Yamai kowa na faɗinta, yaron mota ma da bai taɓa shiga lakol ba ya iya ta. Damuwata ita ce abu biyu take ɗauke da su. Taya ta kafe cikin rairayi tana juyawa wuri ɗaya, mu ce ta patine. Faifan ambireyaj, wato kuloci, ya daina riƙe ƙarfin inji, shi ma mu ce ya patine. Na farko, ka rage wa taya iska, ka ɗauko felu, ka fita. Na biyu kuwa sai an sauke bwat, wato akwatin bitas ko giya, ƙasa, mota ta kwana gareji, mai ita ya ƙirga jikkuna.

Abin da ya taso da maganar shi ne ɗan ƙanwata da ke ci-rani a Setif, ƙasar Aljeriya, yana ja wa wani mai kiwo tsohuwar Hilux mai sanda biyu. Garin na kan tudu, sama da mita 1,000, kuma da hunturu dusar ƙanƙara na sauka sosai. Ya shiga hanyar gona ya kafe, ya yi ta gaba da baya har ya fito. Da ya hau kwalta sai motar ta ƙi sakin jiki. Ya aiko mini saƙon murya: "Kawu, motar nan tana patine." Na ce wanne, taya ko ambireyaj? Ya ce shi dai inji na kuka, tafiya babu. Yaron ya iya tuƙi, amma kalmar da muka koya masa ta hana shi faɗin abin da yake ji ƙarƙashin ƙafarsa.

Bari in faɗi yadda ake bin irin wannan motar, don a ga inda kalmar ke ɓatar da mu. Ƙanƙarar can ƙasarsu take, amma abin da take sa direba ya yi wa mota shi ne dai abin da rairayin hanyar Cintabaradan ko taɓon damina wajen Keita ke sa mu yi.

Fara duba ƙaramar sanda, mai H2, H4, N da L4: a H2 taya biyu ke ja, a H4 da L4 taya huɗu. Idan an manta ta a L4, inji zai yi ta ihu mota na rarrafe, domin an rage gudun kusan ninki biyu da rabi. Wanda bai sani ba sai ya rantse ambireyaj ne. Amma lura: a L4 da ka taka, mota na zabura tare da inji. Ƙarfin na isa ƙasa, gudun ne babu.

Idan kuma a H4 aka bar ta aka hau busasshiyar kwalta, wani ciwon ne dabam. Tsohuwar Hilux da Land Cruiser 79 ba su da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, don haka kardan, wato sandunan ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyi, na gaba da na baya dole su juya daidai wa daida. To a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa. Cikin rairayi ko ƙanƙara taya na ɗan gocewa ta sauke bambancin ba ka ma ji ba. A kwalta babu inda za ta sauke shi, sai ƙarfen ya murɗe, motar ta ɗaure: sitiyari ya yi nauyi, taya na tsalle-tsalle in ka karya kwana sosai, gazuwal na tafiya, sandar kuma ta ƙi fita ko da hannu biyu. Kada ka buge ta. Ja da baya a miƙe ƴan mitoci, ko ka sauke tayoyin gefe ɗaya kan ƙasa mai laushi, za ka ji ta saki. Sai ka sauka ka mai da makullan tayoyin gaba daga LOCK zuwa FREE in motar mai su ce.

Akwai na ƙasar sanyi zalla. Ƙanƙara ta daskare cikin janti mota ta kama rawa. Matatar iska ta jiƙe inji ya rasa numfashi yana baƙin hayaƙi. Gazuwal ya yi kauri ya toshe matatarsa. Wayar birkin hannu ta daskare tana riƙe da tayoyin baya. Duk cikinsu babu inda inji ke gudu ya bar mota.

Wannan alamar ta ambireyaj ce. Hau hanya miƙaƙƙiya, sa bitas na huɗu kana tafiya a hankali, ka take totur har ƙasa. In allurar inji ta tashi ta bar allurar gudu a baya, faifan ba ya riƙewa. Ko ka ja birkin hannu inda babu kowa gabanka, ka sa na uku, ka saki ƙafa sannu: lafiyayyen ambireyaj kashe inji yake yi nan take. Ga kuma ƙauri, wanda duk ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa. Gaba da bayan nan da ake yi da rabin ƙafa don a fita daga kafewa shi ke dafa faifan, fuskarsa ta yi sulɓi tana ƙyalli. Motar yaron duka biyun ta haɗa: ta ɗaure a H4, faifan kuma ya sha wuta. Ja da baya ya warware na farko a kyauta, na biyun sai da aka sayi diski, wato faifan, da palato mai matse shi, da bite mai tura palaton in an taka feda.

Yanzu ga abin da nake kawowa gabanku. Na taya, mu ce tono. Taya na tono. Abin da take yi ke nan, ido na gani, rami na ƙara zurfi, kuma kalmar da kanta tana gaya wa direba ya ɗage ƙafa. Na ambireyaj kuma, suɓutar faifai. Ku kawo naku, ku kushe nawa.

Baba da ya rubuto daga Abalak, wanda ya ce ya ja mota hanyar Arlit tun kwaltar na sabuwa, ya kawo santsi. Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓa amma da gyara kaɗan. Santsi halin ƙasa ne. Hanya ke santsi, bakin rijiya ke santsi, dusar ƙanƙarar da aka tattake ita ma santsi take. In direba ya kira ka ya ce mota na santsi, hankalinka taya zai tafi, mun koma gidan jiya. Haka zamewa da wani ɗan uwa ya kawo: mu bar ta wa lokacin da motar gaba ɗaya ta goce gefe, gindinta ya nemi wuce kanta. Wannan ma yana buƙatar sunansa, kuma zamewa ta dace da shi.

Makanikai da yawa sun ce ai muna da ita, diski ya cinye, ko ya ƙone. Gaskiya ne muna faɗi. Sai dai wannan hukunci ne, na wanda ya sauke bwat ya riƙe faifan a hannunsa. Direban da ke bakin hanya alama kawai yake da ita. Kuma sabon faifai fil yana iya ƙin riƙewa in man inji ya zubo masa ta baya, ko in an ɗaure feda babu ɗan wasan nan na sama, tana danne da shi kullum. In direba ya ce ya cinye, mai mota zai aika a sayo diski, a ɗaura, man ya sake jiƙa shi. In ya ce yana suɓuta, makanike zai tambayi dalili. Shi ya sa na dage sai kalmar ta tsaya kan abin da aka ji.

Saki ma an kawo, ambireyaj ya saki. Wannan ba za ta yi ba, don sakin ambireyaj aikin ƙafa ne, kullum muna gaya wa ɗan koyo ya saki a hankali.

Me ya sa suɓuta? Duk wanda ya ja ruwa a rijiyoyin Adar masu zurfi ya san lokacin da igiya ke bi ta cikin tafinsa: hannu na rufe, ƙarfi na nan, guga kuma na komawa ƙasa, tafin na zafi. Faifan ambireyaj haka yake, an matse shi tsakanin palato da babban ƙarfen bayan inji, matsin na nan amma juyin na wucewa, zafi na tashi. Kalmar ba baƙuwa ba ce, suɓutar baki kowa ya san ta. Faifai kuma ya daɗe da fita daga madafa, tun zamanin garmaho har zuwa na CD.

Malama daga Yamai, mai koyar da Hausa, ta kawo gyaran da ya fi kowanne sa ni tunani. Ta ce suɓucewa abu ne na lokaci ɗaya, abu ya fita hannu ya tafi, alhali ambireyaj yakan yi watanni yana yi kaɗan-kaɗan, yau a hawa, gobe da kaya, kafin ya ƙi gaba ɗaya. Malama, kin yi gaskiya, kuma ina ganin harshen ya riga ya tanadi amsar. Muna da ninki: yana sussuɓucewa. Wannan shi ne matakin farko, inda mota ke tafiya lafiya a fili amma da an ɗora buhunan albasa aka fuskanci tudu sai allura ta tashi ta dawo. In ya kai ga ka sa bitas ka saki ƙafa mota ba ta motsa ba, sai mu ce ya suɓuce. Kin ga mun samu matakai biyu da patine ba ta taɓa ba mu ba, kuma amfaninsu babba ne: mai sussuɓucewa zai iya lallaɓawa ya kai gari in ya rage kaya ya daina takawa da ƙarfi, wanda ya suɓuce kuwa sai igiya.

Akwai masu cewa wahalar banza muke, a bar Faransancin yadda yake tunda an saba. Ƴan uwa, ban ce a kori ambireyaj ba, ko kardan, ko karabo, wato sa mota ta ja da taya huɗu. Sun zauna, sun zama namu, kamar yadda kuloci da giya suka zauna a bakin ƴan uwanmu na Sakkwato da Kano. Kayan da ake saye a kanti, sunan da mai kanti ya sani shi ne sunansa. Alamar ciwo ce nake so ta zama da harshen da mai jinta ke tunani da shi, domin rabin gyaran kat-kat a ƙasar nan ta waya ake fara shi. Mota na Tasara ko Tiliya, makanike na Tahoua, mai ita wataƙila ɗan kasuwa ne ko hajiyar da ba ta taɓa buɗe gaban mota ba, kuma da kalma ɗayar da direba ya faɗa za a yanke ko a aiko da kaya da mai gyara ko a ce ya rage iska ya shimfiɗa ƙarfe ƙarƙashin taya.

Wani matashin makanike ya ce shi bakinsa ba zai iya faifai ba, diski ya saba. Ƙanena, ce suɓutar diski, babu laifi, in dai za ka ƙara na ambireyaj inda ake iya ɗauka na birki kake nufi. Aikatau ɗin shi ne abin da nake karewa.

To ga inda rinjaye ya tsaya. Taya na tono. Mota ta zame. Hanya na santsi. Mota ta ɗaure a karabo. Faifai na sussuɓucewa, in ya ƙi baki ɗaya ya suɓuce, sunan ciwon kuma suɓutar faifai. Wanda bai samu kalma ba tukuna shi ne kishiyarsa, lokacin da ka take feda har ƙasa faifan ya ƙi rabuwa da inji, bitas na gurnani ya ƙi shiga. An kawo liƙewa, an kawo ƙin saki, Baba na Abalak ya ce su maƙalewa suke cewa. Ni na fi karkata ga ƙin saki, amma ina jiran makanikan Ƙonni da Madawa su faɗi abin da suke ji a bakin direbobinsu.