Adana takobi da sulke na gado: abin da masana suka ce

Maƙera da masu tara kayan yaƙi na zamanin da sun tattauna a Kaduna, ga abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai.

Tsatsa ce matsalar, kuma kube ke jawo ta, domin fata na shan danshin damina ta riƙe shi a jikin ƙarfe. A zare takobin a ajiye daban, a goge da busasshen ƙyalle, a shafa man keken ɗinki ɗan kaɗan. Man gyaɗa danƙo yake yi, ya tara ƙura. Kada a kai wa mai injin wasa wuƙa, wannan ɓarna ce tsantsa: takubba da yawa daga Solingen ta Jamus aka kawo ƙarfensu, kuma wasawa ɗaya na iya share tambarin da ke taimakawa wajen gane asalinsu.

Sulke a shimfiɗa shi, rataya kan ƙusa ɗaya na buɗe zobban. Lifidi, wato rigar kariya ta doki da mahayinsa, auduga ce, a shanya a inuwa.

Wanda kuwa aka ce takobin kakansa ya je yaƙin Burmi na 1903, ya rubuta sunan kakan da garinsu kafin ya nufi Gidan Arewa (Arewa House), cibiyar tarihi da ke Kaduna, domin bincike.