Rumbun tsirrai na laburare ya isa, ko sai na kai samfur?

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a kan ɓawon marke. Laburaren jami'armu ya ƙaro JSTOR Global Plants, wato rumbun hotunan samfuran tsirrai na intanet, jiya na shiga na ga hotunan busassun ganyaye manne a takarda, wasu tun zamanin Turawa, har da inda aka tsinko su. Nawa ya yi daidai da nasu. In tsaya a haka, ko in kai samfur ɗakin adana tsirrai a tantance shi a ba ni lambar shaida? Kuɗin hannuna kaɗan ne.

Abu Sadik: Ki duba shafin Plants of the World Online na Kew, lambun binciken tsirrai na Ingila, kyauta ne, ko a waya yana buɗewa.

Maman Hanif: Malam, ba wurin dubawa na rasa ba.

Ɗan Fagge: 'Yar uwa, don Allah ki kai. Ni ɓawo na saya a Kurmi, mai magani ya rantse min bagaruwa ce. Wata bakwai ina daka, ina jiƙa, ina tacewa, na sayi ɓeraye da kuɗin bashi. Ranar kare aiki mai jarrabawa daga waje ya ce ina lambar samfur? Babu. Ina ganye, ina fure? Sai ɓawo a baƙar leda. Ya ƙara da cewa Acacia nilotica, sunan kimiyya na bagaruwa da na rubuta, an mayar da ita Vachellia. Shekara guda ta tafi, har ranar aurena aka ɗaga.

Ummi: Innalillahi. Allah ya musanya maka. Ni dubu uku na biya aka ba ni lamba.

Abu Sadik: Yaushe? Bana dubu goma aka karɓa a hannun ƙanena.

Ɗan Fagge: Ki kai reshe da ganye da 'ya'ya, ki rubuta gari da rana. Marken ma wasu sun koma kiransa Terminalia leiocarpa, ba Anogeissus ba.

Abu Sadik: Wanda aka mayar wa da aiki ne zai ba da shawara?

Ɗan Fagge: Wanda ya taka ƙaya shi ya san inda take. Kai ka taɓa danne ganye a jarida?

Baffa: Ku kai wa kakata, da shinshinawa take gane marke, goro ɗaya ne kuɗinta.

Ummi: Ba abin dariya ba ne Baffa. Baturen nan Dalziel da ya fitar da ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ai daga bakin mutanenmu ya ji sunayen.

Baffa: Ni damuwata, rumbun nan ba ya buɗuwa sai da intanet ɗin makaranta. Shekaranjiya na hau adaidaita biyu daga Hotoro, ina zama aka ɗauke wuta, janareto ba mai.

Ummi: Mu ko da wuta, kalmar sirri tana wurin mutum ɗaya, kuma ya tafi hutu.

Maman Hanif: To lambar fa, dubu uku ne ko goma?