Shawarar da masu aikin ɗakin gwaji suka ba sabon shiga

Waɗanda suka daɗe a aikin sun fi nanata rubutu: ranar gwaji, lambar samfuri, yawan sinadarin da ka zuba, ka rubuta nan take, kada ka bari sai gobe. A gwajin PCR, wato hanyar ninka ƙwayoyin halitta na gado (DNA) don a iya gano su, ka ajiye bututu ɗaya da ruwa zalla babu samfuri; in shi ma ya nuna sakamako, gurɓata ta shiga, sai a sake daga farko.

Wutar lantarki ce ta fi damunsu. Firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili in ta narke, RNA, wato wani nau'in sinadarin gado da ke cikin samfuri, ya lalace. Shi ya sa ake raba samfuri ƙanana-ƙanana, kowanne a narkar da shi sau ɗaya. Masu neman gurbi kuwa, an ambaci NVRI, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, da IAR, cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru a Zariya.