Wace kalma za mu ba wa "gothic"? Ni dai na tsaya a kan kango

Jama'a, a taimaka min da kalma. Tun jiya nake son rubuta wa rukuninmu na masu karatu 'yar gabatarwa kan tsofaffin littattafan Turawa da aka baddala suka koma shirin barkwanci a YouTube, amma kalma ɗaya ta maƙale min kamar ƙayar kifi: gothic. Na rubuta "adabin ban tsoro", na goge. Na rubuta "Gotik", na kalle ta, ta kalle ni, babu wanda ya gane ɗan'uwansa.

Bari in fara da inda ta fito, don kada mu yi ta jifa cikin duhu. Goth wata ƙabila ce ta Turawan dauri, su ne suka wawashe birnin Rum a shekarar 410. Bayan ɗaruruwan shekaru masanan Italiya suka ɗauko sunansu suka liƙa wa manyan majami'un Turai masu dogayen hasumiyoyi da ƙofofi masu tsini, don raini kawai, wai ginin mutanen da ba su waye ba. Alhali Goth ko tubali ɗaya ba su ɗora a wurin ba. Sai a 1764 wani Bature ɗan Ingila, Horace Walpole, ya fitar da The Castle of Otranto, a bugu na biyu kuma ya kira shi labarin gothic. Kun ga hanyar da kalmar ta bi: daga mutane zuwa gini, daga gini zuwa labari. Ku riƙe min ginin nan, zan dawo kansa.

A littafin, ranar ɗaurin auren ɗan mai gari sai wani ƙaton kwalkwali ya faɗo daga sama ya murƙushe ango a tsakar gida. Daga baya ake gane dalili: kakan mai garin guba ya sa wa ainihin mai sarautar ya ƙwace gidan. Mu mukan ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A irin wannan adabi kwikwiyon yakan bar mai shi ya mutu lafiya, ya kwanta a zaure yana jiran tattaɓa-kunne.

To, amsoshi sun fara shigowa.

Yaya, ka ce me zai hana mu bar shi a "ban tsoro", tunda kowa ya gane? Kowa ya gane, amma rigar ta yi masa yawa. Fim ɗin da mahaukaci ke bin mutane da adda ban tsoro ne. Labarin kura ta shigo ƙauye ma haka. Kuma ka gwada ɗora kalmar a kan abin da ya kawo ni, ka ji yadda take tangaɗi.

Ga misalin da nake aiki a kansa. Carmilla gajeren littafi ne na Sheridan Le Fanu ɗan Ailan, ya fito a 1872, shekara 25 kafin Dracula, shahararren littafin masha-jini. Wata yarinya Laura tana zaune da mahaifinta a keɓaɓɓen gida cikin dajin Styria a ƙasar Ostiriya, aka bar musu wata baƙuwa, Laura ta fara ramewa, ashe baƙuwar jininta take sha. A 2014 wasu 'yan Kanada suka ɗauko labarin suka mai da shi shiri mai dogon zango a YouTube, kowane kashi 'yan mintuna. Gidan daji ya koma ɗakin kwanan ɗalibai a jami'a. Kyamara ɗaya ce tal, kafe a kan teburin Laura, ba ta motsi. Abokiyar ɗakinta ta ɓace, hukumar makaranta ta ce ba komai, ta turo mata wata sabuwa mai barcin rana da yawon dare. Ran nan Laura ta buɗe kwalin madarar waken suya da baƙuwar ta ajiye a firji, sai ga jini.

Yaya, wa ya ji tsoro a nan? Dariya ake yi. Amma cikin ginin bai canza ba: tsohuwar makaranta mai tsohon laifi, 'yan mata suna ɓacewa duk bayan shekara 20, kuma wadda aka ba amanar ɗalibai ita ce ummul-haba'isin abin. In muka cire tsoro abin ya ci gaba da amsa sunansa, ashe ba tsoro ne sunan ba.

Wata 'yar'uwa ta ce "adabin fatalwa". Hajiya, a Frankenstein babu fatalwa ko ɗaya, a Dracula ma masha-jini ne ke da gidan. Wannan ba ta kai ko'ina ba.

Wani ya kawo "labarin gidan gado", na kuma daɗe ina juya ta, don ta kama Otranto daram: gidan da kowa ke da haƙƙi a ciki, babu mai gyarawa, akwai ɗakin da tun rasuwar tsohon ba a buɗe ba. Sai dai a rubuce, gado na magada da gado na kwanciya harufansu ɗaya ne. Ka rubuta "barkwancin gidan gado" kan shirin da kyamara ke kallon gadaje biyu na ɗalibai daga farko har ƙarshe, ka ga abin da 'yan sharhi za su yi da kai.

Yanzu ga wadda ta hana ni barci. Malam, Allah ya gafarta maka, ka ce "adabin kufai". Kalma ce mai nauyi, ko furta ta ka yi sai ka ji iska na kaɗawa. Hujjarka ma da ƙarfi: a littafin Le Fanu akwai ƙauyen Karnstein da mutanensa suka watse, da rusasshen gidan sarautarsa, kuma a can aka tono kabarin baƙuwar. Wannan kufai ne, ba musu. Amma Malam, kufai an gama da shi. Ka je Surame ko Alkalawa, abin da za ka tarar ragowar ganuwa ne da tuddai da itatuwa. Tausayi yake sa ka, da tunanin duniya. Shi kuwa wannan adabi yana son bango a tsaye, ƙofa mai ƙara, matakala, da wani wawa da zai yarda ya kwana a ciki.

Shi ya sa na ce kango. Kango gini ne da ransa ya fita amma bai faɗi ba. Kana wucewa da magariba kana satar kallon tagoginsa, don ba ka tabbata babu kowa ba. Kuma ya mayar da mu ga ginin nan da na ce ku riƙe min.

An taso min da ƙorafi biyu. Na farko, wai a birni yau in ka ce kango, ginin da kuɗin mai shi suka ƙare ake nufi, bulo tsirara, matattarar 'yan shaye-shaye. Gaskiya ne, na kuma karɓa hannu biyu. Ai shi ma ana tsoron bi ta gabansa da dare, shi ma kowa a unguwa yana da labarin abin da ya hana a ƙarasa shi.

Na biyu ya fi wuya: ina kangon yake a Frankenstein? Mary Shelley ta fitar da shi a 1818, kuma ɗalibin nata, wanda ya harhaɗa wata halitta ya sa mata rai, a wani ɗaki can saman gida ya yi aikinsa a garin Ingolstadt, ba a fada ba. Da aka mai da shi Frankenstein, MD a 2014, ɗalibin ya koma mace, Victoria, ɗalibar likitanci mai gabatar da shirin kimiyya a gaban kyamara, fitila ko'ina fes. Sai da na yi sallar isha'i amsar ta zo min. Me ɗalibin ya tattaro daga ma'ajiyar gawa? Jikin da mai shi ya tashi ya bari. Ginin yana tsaye, mai gidan ya fita, wani ya zo ya kunna wuta a ciki. Kangon shi ne halittar da kanta.

Wani abu da na lura da shi, wanda ya sa baddalawar nan ba ta wahalar da masu yin ta: tsofaffin littattafan da ma a sigar wasiƙa da kundin sirri aka rubuta yawancinsu. Frankenstein wasiƙun wani matuƙin jirgin ruwa ne zuwa ga 'yar'uwarsa. Dracula tarin wasiƙu ne da yankan jarida, har da likita mai naɗar muryarsa a na'ura. Mutum shi kaɗai da dare yana zayyana abin da bai gane ba. Ka karɓe alƙalami ka ba shi kyamara, aikin ya kusa ƙarewa. Bambancin ɗaya ne, kuma daga nan dariyar take fitowa: mai karatu abin da marubucin wasiƙa ya gani kawai yake gani, mai kallo kuwa yana hango abin da ke wucewa ta bayan Laura tana ta zuba.

Kada ma a ɗauka 'yan intanet ne suka fara tsokanar kango. A Northanger Abbey na Jane Austen, wanda ya fito a 1817, yarinyar da ta ƙoshi da irin waɗannan littattafai ta sauka baƙunta a tsohon gida, ta buɗe wani kabad cikin dare ana hadari, ta zaro wasu takardu, kyandir ya mutu, ta kwana jiki na rawa. Gari ya waye ta duba, ashe lissafin kayan wanki ne.

Ga abin da zan sa a gabatarwar: "adabin kango" ga tsofaffin, "barkwancin kango" ga na YouTube. Na karanta wa ƙanwata jimlar farko ba tare da wani bayani ba, ta ɗago kai daga wayarta ta ce, wa ke ciki?

Malam ya sake turo saƙo yanzu, ya ce ya amince da kango da sharaɗin a ajiye masa kufai don waƙoƙin da ake yi wa garuruwan da suka tashi. Na ajiye, Malam. Saura masha-jini, don wani ya riga ya rubuto "maye", ni kuwa ban taɓa jin mayen da ya damu da wuyan mutum ba, kurwa yake kamawa. Wannan sai gobe.